Farar Wuta a Bitirin

Bitirin ɗin nan ya shigo ɗakina shekarar da kasuwar Petit Marché ta ƙone, damina ɗaya bayan rasuwar mai gidana, muna unguwar Banifandou tukuna ba mu komo unguwar Bobiel ba. Ƙwayayen wutarsa kuwa an sauya su ne shekarar da aka rufe iyaka, wuta ta yi wuya a Yamai har masu manyan gidaje suka koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Tsakanin waɗannan biyu akwai shekarar da kogi ya ci gidajen mutane, akwai ta ciwon da ya sa aka kulle masallatai. Ni da haka nake riƙe lokaci. Ban shiga lakkol ba, makarantar boko ke nan, amma a kan shekarun abin da ya same ni ba a taɓa yi mini gyara ba.

Wanda bai san bitirin ba, doguwar ma'ajiya ce ta katako mai ƙofofin gilashi, a ciki mace take jera kayan ɗakinta. Uwata a Gobir ƙorai ta jera da tasoshi. Ni da aka kawo ni Yamai, lokacin da gwamnati ta ɗauko mai gidana aiki, kwanonin samira na jera a kan tebur har suna taɓa rufi. Da zamani ya juya na sayar da su na koma tangaran da gilashi, ɗaya bayan ɗaya, wasu daga kasuwa, wasu na riƙo su a cinya tun daga Makka. Babban ɗana, wanda ba na kiran sunansa, shi ya ga kayan sun yi wa tebur yawa ya aiko da bitirin a bayan mota. A samansa daga ciki akwai ƙananan ampul huɗu, wato ƙwayayen wuta, kowane bai fi bakin kofin shayi ba, irin waɗanda ake kira alojen. Haskensu ja-ja ne mai ruwan man shanu, kamar ranar la'asar sakaliya. Idan na kunna su, zinariyar bakin farantai ta kama walƙiya, duk wadda ta shigo sai ta tsaya a bakin ƙofa kafin ta yi sallama ta biyu. Zafi ne da su kamar garwashi. A kan bitirin nake shanya ɗankwalina idan ya jiƙe, kafin in idar da salla ya bushe.

Suna ɗaya na yi a duniya, shi ne tsabta. Ban yi kuɗi ba, ban yi karatu ba, kyau ma na tsaka-tsaki ne. Amma a Banifandou idan uwa za ta yi wa ɗiyarta faɗa kan wanke-wanke, da ni take misali. Ni kuma ban ɓoye jin daɗina ba. Idan na je gidan mutane aka kawo mini ruwa, sai na ɗaga kofin na leƙa cikinsa. Ina shafa yatsa a ƙarƙashin faranti a gaban mai shi. Ba na cewa komai, in na ga abu sai in goge yatsan a bakin zanena a hankali, kuma kowa ya san abin da na faɗa.

Makullin bitirin a bakin zanen nan yake ɗaure. Ba mai wanke abin da ke ciki sai ni. Kowace Alhamis nakan sa a kawo mini ruwa a roba har cikin ɗaki, in rufe taga saboda zafi, in sauke labule, in zauna a gaban jan hasken nan in wanke kayana ɗaya-ɗaya in mayar. Ban yarda a fitar mini da su tsakar gida ba, yara na guje-guje, kaji na yawo.

Da muka komo Bobiel gidan babban nawa, sai na zauna tare da matarsa. Ba'adara ce daga Tawa, malamar lakkol, doguwa marar yawan magana. Madam nake ce mata, yadda ɗalibanta suke kiranta, sai dai ni da wata murya nake faɗa. Ba mu taɓa faɗa ba. Abin da nake ƙorafi a kai guda ne, nawa. Idan na yi baƙi na buɗe bitirin na miƙa mata kwano ta zubo abinci, sai ta tafi madafa ta daɗe, ta daɗe, har hira ta mutu. In ta dawo nakan ce mata a gaban baƙin, Madam, Tawa kika je ɗebo miyar? A yi dariya, ita ma ta murmusa ta ajiye ta fita.

Muna da foyandi, mu tsofaffin Banifandou da ƴan kaɗan na Bobiel. Al'adar matan Yamai ce, mu Hausawa mun same ta a nan muka shiga: kowane wata a taru gidan ɗaya daga cikinmu tun hantsi, a ci, a sha, a yi hira har rana ta yi sanyi. Ranar da ya zagayo kaina ita ce sallata. A ranar kaɗai nake fitar da manyan kwanonin miya masu murfi, da kofunan gilashi masu dogon wuya. Abinci Madam ke zubowa daga madafa, amma ruwan maraba ni nake bayarwa da hannuna. In ciro kofi daga bitirin, in tsiyaya daga gora, in miƙa.

A cikinmu akwai wata Bazabarma, haifaffiyar Yamai, maƙwabciyata tun Banifandou, wadda ta yi shekaru tana sayar da kayan yaji a Petit Marché. A can ta koyi Hausarta, mai kaifi ce ba ta da ado. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kakanni, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, ba fushi. Ita kuwa ba ta taɓa barin nata ya kwana ba. Duk lokacin da na miƙa mata ruwa sai ta ɗaga kofin sama ta karkata kai.

"Bagobira, wannan kofi ya ga sabulu bana, ko sai baɗi?"

Ni kuma in ce Zabarmawan da jiya-jiya suka daina shan ruwa da tafin hannu ne za su koya mini kofi. Mata su kwashe da dariya, ta ajiye kofin ta ce ita ba ta shan ruwan bayinta. Haka muke yi, wata bayan wata.

To, da wuta ta yi wuya, babban nawa ya sa aka ɗora wutar sola a kan rufi. Mai gyaran wutar wani magidanci ne ɗan Maraɗi, mai furfura a gemu. Ya bi gida ɗaki-ɗaki yana duba abin da ke cin wuta, da ya zo kan bitirin ya ɗora hannu a samansa ya janye da sauri. Ya ce ƴan ƙwayayen nan huɗu sun fi duk fitilun gidan ci in an haɗa su, rabin abin da suke ci ma zafi yake zama, sola ba za ta ɗauke su ba ta kuma juya fanka har safe. Ya nuna mini inda katakon ya yi baƙi a kewayen kowane ƙwai. Ya ce akwai sababbi da ake kira led, girmansu ɗaya, gurbinsu ɗaya, ba sa zafi, cinsu kaɗan.

Na ce a bar mini kayana yadda suke. Babban nawa ba ya ja da ni baki da baki, ta wurin matarsa ya aiko: ko dai a sauya, ko bitirin ya zauna a kashe sai ranar da wutar gari ta zo. Foyandi kuwa ya kusa, Lahadin da ke tafe a gidana za a yi, wutar gari kuma ba a san ranar zuwanta ba. Na ga mata su shigo su tarar da bitirin ɗina a duhu kamar rumbu. Na ce a kira mutumin.

Ya zo da hantsi ranar Laraba. Na kwance makulli na buɗe masa da kaina, na tsaya a kansa kada gwiwar hannunsa ta taɓa mini wani abu. Ya jira ƙwayayen suka huce, ya ɓalle wani zoben waya da ke riƙe da kowane, ya zaro su. Kowane yana da ƴan ƙafafu biyu sirara kamar allura. Kafin ya sa sababbin ya buɗe kwalaye biyu ya ce in zaɓa, akwai mai ja-ja irin wanda na saba, akwai fari tas kamar na asibiti. Ya ce mata masu kayan zinariya sun fi son ja-jan.

Na ce ya sa fari. Na ce masu son ja-ja suna da abin ɓoyewa ne. Da bakina na faɗa, Madam tana tsaye a bakin ƙofa.

Da ya kunna sai hasken ya yi ta ƙifce-ƙifce. Na ji daɗi, na ce ga shi nan, kayan zamani. Ya ce ba ƙwan ba ne, wani ɗan akwati ne a bayan bitirin da ke rage ƙarfin wuta, an yi shi don masu cin da yawa, waɗannan ba su ishe shi ba. Ya janye bitirin kaɗan, ya cire akwatin ya sa wani ƙarami daga jakarsa. Ya sake kunnawa, hasken ya tsaya cak.

Abin da na fara gani kofunan gilashi ne. A gindin kowane akwai zobe mai launin ƙasa, kamar an sha shayi an bari ya bushe. Na matsa. Farantaina masu furanni, akwai wasu ƴan ɗigo-ɗigo baƙaƙe a tsakanin furannin da na daɗe ina ɗauka cikin zanen suke. Kashin kyankyaso ne. A kunnen babban kwanon miya, miya ce ta bushe ta yi ɓawo. Gilashin ƙofa duk shatar yatsu, masu maiƙo, nawa. A kusurwar sama ƙwari ne matattu, zafin tsofaffin ƙwayaye ya gasa su sun taru kamar dusa, yanar gizo ta lulluɓe su.

Na ce wa mutumin wutar nan tasa tana da datti. Wallahi haka na ce. Shi kuwa ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa. Sai na sa farce na kankari ɗigo ɗaya a kan faranti. Ɗigon ya fita. Na kankari na biyu, ya fita. Na juya in ga ko Madam ta gani, ba ta wurin.

Na ce ya kashe. Da ya tafi na ɗauko zanen gado na rufe bitirin tun daga sama har ƙasa, na zauna a bakin gado. Ranar ban ci abincin rana ba. Ba dattin ne ya fi damuna ba, datti ruwa ke fitar da shi. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne ni ce na wanke su Alhamis da ta wuce, da wadda ta gabace ta, da hannuwan nan, na kuma ɗaga kowane a gaban ja-jan haske na ga ya fita. Na daɗe da sanin idona ya yi hazo. Zare ya daina shiga allura, fuskar mutum sai ya matso nake gane ta. Na ce tsufa ne, ban gaya wa kowa ba, don kada a fara riƙe mini hannu a hanya. Ban taɓa kawowa a raina hazon ya kai cikin kofi ba.

Sai wata tambaya ta taso. In haka kwanonina suke, ya aka yi ba wanda ya taɓa tsintar wani abu a cikin abinci?

Washegari da la'asar na ɗaga zanen, na ciro kwano ɗaya ba tare da na kunna wuta ba, na kira Madam na ce ta damo mini fura a ciki. Ta karɓa da hannu biyu ta fita. Na ba ta ɗan lokaci, na cire takalmi na bi ta. Ba ta cikin madafa. A bayan madafar, tsakanin bango da tankin ruwa, akwai wani lungu da ban taɓa leƙawa ba. A nan na same ta a tsugune. Da ƴar roba a ajiye, da sabulu, da soso, da butar ruwan zafi, da wani farin tsumma a rataye a ƙusa. Kayan ba na ranar ba ne, sabulun ya ci rabi, ƙusar ta yi tsatsa. Ta wanke kwanon ciki da waje, ta bi kunnensa da tsinke, ta ɗauraye, sannan ta ɗauki tsumman ta goge shi sarai don kada ya zo mini da danshi in gane.

Ta ɗago ta gan ni. Ta miƙe, kwanon a hannunta, ta rasa inda za ta sa shi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Inna, ƙura ce kawai nake ɗaurayewa."

"Ban tambaye ki mene ne ba. Tun yaushe?"

Ta dubi ƙasa ta ce tun shekarar da muka komo. Na tambaye ta ko mijinta ya sani, ta ce shi ya kafa mata ƙusar. Na tsaya ina kallon ƙusar nan. Duk Tawar da nake aika ta ɗebo miya a gaban mutane, nan ce, taku kaɗan daga tagata. Na so in ce mata wani abu, bakina bai saba ba. Na ce furar ta bari, na koma ɗaki.

Kwanonin abinci ke nan, suna bi ta hannunta. Kofunan ruwa fa? Su daga bitirin sai hannuna, daga hannuna sai bakin baƙo.

Ranar Juma'a na shiga taksi na tafi Banifandou gidan Bazabarma. Na same ta tana tsinke zogale a inuwa. Ta fara, wai yau bayi sun zo gaida iyayengijinsu ba ko goro. Na ce ta ajiye wasa, tambaya na zo yi. Ta dube ni, ta ture tiren gefe. Tun da muke ban taɓa ganin fuskarta ba dariya a kai ba sai ranar.

Na ce kofunana, da take cewa ba su ga sabulu ba, wasa take ko gaskiya.

"Da wasa ne," ta ce. "Daga baya ya zama gaskiya. Maganar ba ta sauya ba, ke ma amsarki ba ta sauya ba."

Na ce me ya hana ta ja ni gefe ta faɗa mini kamar mutum. Ta ce ta gwada, ranar sunan jikata, ta fara da cewa idona kamar ya yi fari, na ce mata idon Bagobira ko a kabari ya fi na Bazabarme gani. Na tuna, haka aka yi. Ta ce to ita da wace ƙofa za ta shigo, ni na toshe ta gaskiya da wasa, ta wasa kuma ba na jin komai a cikinta sai dariya.

Na tambaye ta su wa suka sani. Ta ce in tuna da kaina, wa ke shan ruwana. Na zauna ina tunawa. Wannan kullum tana azumin nafila ranar foyandina, amma in an kawo dambu ta ci, ta ce ta manta ta karya. Waccan ta ce likita ya hana ta ruwan sanyi. Wata takan karɓa ta kai baki ta ajiye a bayan ƙafarta. Ni duk na ɗauka tsoron fasa mini gilashi suke, har ina jin daɗi.

Mutum ɗaya ce take shanyewa. Wata Hajiya ƴar Damagaram, matar wani malamin lakkol, mai sanyin hali. Takan karɓa ta ce bismilla ta shanye tas ta yi mini godiya. Ita ce kuma wadda na taɓa shafa wa yatsa a ƙarƙashin faranti ranar bikin ɗiyarta, a gaban dangin ango, na goge a zanena. Ta rasu shekarar ciwon nan, ba a bar mu mun je wanka ba. Na tambayi Bazabarma ko ita ma idonta ba ya gani ne. Ta ce Hajiya har ta mutu tana saka zare a allura ba tabarau.

A taksin komowa na ja mayafi na rufe fuskata, kamar duk wanda ke bakin titi ya taɓa shan ruwa a ɗakina.

Da na iso na aika a kira mai gyaran wuta. Na yanke shawara a hanya: a mayar mini da tsofaffin ƙwayayena, in wanke kayana yadda na saba, Lahadi ta zo ta wuce yadda take wucewa. Wanda ya yi shiru shekara da shekaru zai iya ƙara wata ɗaya. Ya zo da safiyar Asabar, bai tambaye ni dalili ba. Ya ce tsofaffin suna nan cikin jakarsa bai yar ba, amma sai ya mayar da tsohon akwatin, kuma fankar yara ba za ta kai safe ba. In ja-jan haske nake so, ga led mai ja-ja, ba wanda zai bambanta shi da na da. Ya ciro duka biyun ya ajiye a kan tabarma.

Na kai hannu zan ɗauki tsohon, ya ce in riƙe shi ta gefe, irin wannan ba ya son maiƙon hannu. Na buɗe baki zan ce masa hannuna ba shi da maiƙo. Ban faɗa ba. Na zauna da ƙwayayen a gabana, shi yana tsugune yana jira. Ja-jan zai mayar mini da ɗakina yadda na san shi. Amma matan da za su zo gobe ba da hasken bitirin suke gani ba, da idonsu suke gani, tun da can. Ni kaɗai zan rufe wa ido.

Na ce ya kwashe kayansa, a bar farin. Ya ce to Hajiya, ya tafi.

Na yaye zanen gadon na kunna wuta, na kira Madam. Na ce ta ɗauko robarta da sabulunta daga lungu ta kawo tsakar gida. Muka fitar da komai, abin da bai taɓa ganin rana ba tun Banifandou, muka jera a kan tabarmi, aka kore kaji aka tura yara gidan maƙwabta. Ni ina wankewa, ita tana ɗaurayewa. Can na lura in na miƙa mata wani sai ta ɗan juya mini baya kafin ta tsoma shi a ruwa. Na ce ta juyo.

"Wanda bai fita ba, ki miƙo mini shi a gabana ki ce bai fita ba."

Na miƙa mata kofi, ta duba, ta riƙe shi tana jujjuyawa. Na ce ina jira.

"Inna, da saura a gindin."

Na karɓa na sake wankewa. Ta sake dubawa ta ce da saura kaɗan. A rayuwata ba a taɓa dawo mini da abin da na wanke ba, ranar an dawo mini da fiye da rabi, daga hannun matar ɗana, a tsakar gida da rana tsaka. Wasu da na gaji na bar mata ta wanke da kanta, na koma goge katako, shi ma ta bi bayana. Sai da rana ta yi sanyi muka mayar da na ƙarshe.

Lahadi mata suka zo. Kowa ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce wuta sabuwa, ɗaki ya yi kamar kanti. Bazabarma ta ce Gobirawa sun ga farin abu sun ruɗe. Na ce su zauna. Na buɗe bitirin, na ciro kofi na tsiyaya ruwa na miƙa wa mai azumin nafila. Ta karɓa, idonta ya sauka cikin kofin, ɗan kallo kaɗan wanda da ban sani ba ba zan lura ba. Sai ta sha. Ta shanye ta ce a ƙara mata, yau ana zafi. Wadda likita ya hana ruwan sanyi ta sha. Mai ajiyewa a bayan ƙafa ta sha. Bazabarma ta ɗaga nata sama kamar yadda ta saba, ta karkata kai. Ta ce ruwan bayi dai ba daɗi, ta kafa kai ta shanye.

Ba wadda ta bar ko kurɓi. Da a ce ɗaya ta ƙi sha ranar, da na ce wannan dama can ba ta shan ruwan mutane, da na samu wurin ɓuya. Gora ta ƙare aka ɗauko wata. Na zauna a tsakiyarsu ina murmushi ina cewa a ci dambu, a ƙara lemu-hari, ruwan lemo da citta, ni kuwa ko loma ban kai baki ba. Da Madam ta shigo da kwanon miya, ba ta daɗe ba ko kaɗan, wata ta ce yau Tawa ta matso kusa. Aka yi dariya. Ban yi ba, sai dariyar ta mutu da wuri.

Bayan sallar layya babban nawa ya kai ni wurin likitan ido, ya ce yanar ido ce a duka biyun, ta daɗe. An cire ta dama, ta hagu ina ta ɗagawa. Da aka buɗe bandejin na ga fararen mayafaina ba farare ba ne, na ga bangon ɗakina, na ga fuskata. Wannan kuma wani zance ne. Makulli yanzu a kan bitirin yake, tunda saman ya daina zafi, duk mai so ya ɗauka. Har yau ina zuwa foyandi. In an ba ni ruwa ina sha, ba na leƙawa, ko da yake yanzu ne nake da idon leƙawar.

Cikin matan da suka ga shigowar bitirin nan a Banifandou, Hajiyar Damagaram ta tafi, wadda likita ya hana ruwan sanyi ta bi ta bara da azumi. Mai azumin nafila ta koma Doso wurin ɗanta, an ce ba ta gane mutane. Mai ajiye kofi a bayan ƙafa tana nan, ƙafar ce ta hana ta fita. Saura ni da Bazabarma, ita ma kunne ya yi nauyi, sai na ɗaga murya kafin ta ji zagin da nake yi mata.